Guguwa da Yawon Shaƙatawa

Guguwar teku irin ta Amurka tana da lokacinta, tana kuma da suna. A tekun Atilantika kakarta tana farawa ran 1 ga Yuni, ta ƙare ran 30 ga Nuwamba, kuma kowace guguwa ana raɗa mata suna kamar jaririya, sai dai ba a yanka rago. A watan Satumba na 2022, wata mai suna Ian ta sa aka rufe wurin wasanni na Walt Disney World a jihar Filorida har kwana biyu. Baƙin da suka biya kuɗin jirgi da na otal suka ƙare da kallon ruwa ta taga.

A Jega da Aliero da Maiyama, hadari ba ya jiran a raɗa masa suna. Yakan taso daga gabas da iska mai yaye kwanon rufi, sau da yawa ranar da aka goge kayan fita. Babbar Sallar 2024 ta faɗo tsakiyar Yuni, farkon damina, kuma mai babbar riga a kan babur ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Idan Gulbin Zamfara ya cika kamar a ambaliyar 2020, zumunci sai ta waya. Manomin albasa na Aliero kuwa hankalinsa yana kan rumbu.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da rani ake yin sa, lokacin da sai an shiga gulbi ake jiƙewa.