Ku da Kuka Ce Asarar Wuta Ce

Jama'ar Tudun Kaya, labarin dariyarku ya iso. An ce muku akwai masana'antun da ke gina tanderu kamar ɗaki, su ƙona gas ko lantarki na maƙudan kuɗi, su tura ƙarfen da aka gama ƙerawa ciki har ya yi jajawur, sannan su fito da shi ya sha iska. Ba a buge shi ba, ba a lanƙwasa shi ba. Sai kuka ce aikin wanda kuɗi suka yi wa yawa ne. Wani dattijo ma cewa ya yi in zafi ake nema, a kawo ƙarfen a shanya a ranar bazara, kyauta.

Allah ya ja da ranka, Baba, ranar bazara tana ƙoƙari, amma digiri 40 da 'yan kai take tsayawa. Wannan aikin, na daidaita ƙarfe, 850 zuwa 950 yake nema.

Ga abin da ido bai nuna muku ba. Ƙarfe ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. In an ƙera shi a zafin 1,100 zuwa 1,200, ko an zuba shi a narke, ko an yi masa walda, ƙwayoyin sukan kumbura, nan manya can ƙanana, wani gefen a ɗaure tamau. Tuwo ne mai gudaji: daga sama sumul, sai an kai loma a gane. Da zafi ya kai 727 tsarin cikin yake fara juyawa. In ya gama juyawa aka ɗara da digiri 30 zuwa 50, tsofaffin ƙwayoyin sun tafi, sababbi ƙanana masu kai ɗaya sun maye gurbinsu. Akan bar shi a haka kamar awa guda ga kowane inci na kauri, don zafin ya ratsa har tsakiya, sannan a fitar.

Na hango Malam can baya yana ɗaga hannu: "To me ya hana a tsoma shi a ruwa a huta, kamar yadda maƙerinmu yake yi?" Malam, ruwa tauri yake bayarwa, tauri kuwa da saurin karyewa tare suke tafiya. Bakin lauje da na gatari suna son haka, su ma sai an ɗan sake ɗumama su. Ƙarfen da zai ɗauki tayar tirela cike da buhunan masara kuwa juriya yake so. In kuma aka bar shi ya huce a cikin tanderun, ya yi laushi da yawa, ga ɓata lokaci. Iska ce tsaka-tsaki.

Ku da ke dariya, wa garmarsa ta tsage ana tsakiyar huɗa, ya koma gida yana cewa bakin mutane ne? Kada kowa ya ɗaga hannu, mun san juna. Rashawa ma sun sha irin wannan. Igwoyin da ake ƙerawa a masana'antar Obukhov ta birnin St. Petersburg suna ta fashewa, har wani injiniya, Dmitri Chernov, ya zauna ya bi diddigi. A 1868 ya bayyana cewa akwai matakan zafi da cikin ƙarfe ke sauyawa a kansu, kuma mai manyan ƙwayoyi shi ne mai fashewa. Da me ya gane matakan? Da kallon launin ƙarfe a wuta, irin kallon da maƙerin unguwarku yake yi yana jan zuga-zugi.

Nan ne dariyar ta juyo kanku. Maƙerin da ya gama buga sifirin mota ya zama gatari, in ya mayar da shi cikin gawayin ƙirya ya yi ja, ya ɗauko da awartaki ya ajiye gefe ya huce kafin ya zo kan baki, to aikin tanderun nan ya yi. Ba ku ce masa mahaukaci ba, kuna zaune kuna jira. Bambancin shi ne shi guda ɗaya yake riƙe da shi, kuma jan da ya gani da azahar ba shi ne na magariba ba. Masana'anta kuwa dubbai take so su fito iri ɗaya, shi ya sa take dasa ma'aunin zafi a lungunan tanderu, ta tura kayan a kan amalanke mai bin dogo, ko su riƙa ratsawa a kan ƙarafa masu mirginawa ba tsayawa. Tukunyar gas ɗin da amarya ta zo da ita ma, akan bi da irinta ta wuta bayan walda. A nan dai na san ba wanda zai ce a yi tsimi.

Abin ma da kunya a ce Bakano ne ke wannan musu. Tun ƙarni na 7 ake aikin ƙarfe a Dutsen Dala. Maƙwabtanmu Katsinawa sun samu masana'antar mulmula rodi a 1982, Ajaokuta kuwa tun 1979 ake jiran ta kammala, har waɗanda aka haifa shekarar sun yi jikoki.

Wanda har yanzu bai yarda wuta tana sauya cikin ƙarfe ba, ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya nufi maƙera. A sa guntun ƙarfe a wuta, a riƙa gwadawa da awartaki. Da ya kai wajen digiri 770, mayen zai sake shi kamar bai taɓa saninsa ba, in ya huce kuma ya sake kamawa. Ku riƙe kuɗin gawayi in za ku, don maƙeri ba zai zuga muku kyauta ba.