Ta Ko'ina Dai Karaye

A 2019 Ganduje ya ƙirƙiro masarautar Karaye, ya jefa garinmu Rogo a ciki. Kawuna, ɗan jar hula na gani-kashe-ni, ya rantse ba da shi ba. A Mayun 2024 Gwamna Abba ya rushe ta, Kawu ya yanka zakara, har maƙwabta suka sha romo.

Ba a rufa wata biyu ba sai ga sabuwar doka: masarautar Karaye ta dawo da daraja ta biyu, ƙananan hukumominta biyu rak, Karaye da Rogo.

Na iske shi a tasha yana karya hula.

"Kawu, ina aka nufa?"

"Karaye mana. Ai wannan karon namu ne ya tura mu."

Inna kuwa har yau kuɗin zakaranta take bi.