Halin Lamba 4,361,002

Ƙidayar 2006 ta ce mutum 4,361,002 ne a Jihar Jigawa, har da mutanen ƙaramar hukumar Kaugama. An yi ta gardama a kan yawan. Ni halin lambar ne ya dame ni, domin lamba ma tana da hali, kuma a wajen rabo ake gane shi.

Da farko dai cika ce, ba mara ba, tunda da 2 ta ƙare. A raba ta biyu, kowane ɓangare ya tashi da 2,180,501, babu wanda za a tsaga. Saboda wannan ba ta cikin lambobin nan masu taurin kai da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 7 da 13. Iyakar kirkinta ke nan.

A gwada ta da uku. Hanyar mai sauƙi ce: a tara 4 da 3 da 6 da 1 da 2, a samu 16. Sha shida ba ta rabuwa uku, don haka uwar ma ba za ta rabu ba, mutum ɗaya zai rage. Masarautun jihar biyar ne, Haɗeja da Kazaure da Gumel da Ringim da Dutse. A raba musu daidai wa daida, mutum biyu su rage. A raba huɗu, ko bakwai, ko takwas, ko goma, biyu ne dai ke ragewa. Ina kyautata zaton mutum biyun nan ba sa canzawa, kuma ya kamata a ce an san da zamansu.

Abin ya fi muni a ƙananan hukumomi. Guda 27 ne. Kowace, har da Kaugama, za ta karɓi 161,518, sai mutum 16 su tsaya a bakin titi babu sakatariyar da za su nufa. Motar haya guda ce cur. Malaman rabon gado, da suka saba aiki da 6 da 12 da 24, su ma ba za su ji daɗinta ba: a kan 24, goma take bari.

Akwai lambobi masu hannu sake. Ƙaramarsu da ke rabuwa da komai daga 1 zuwa 10 ita ce 2,520. Manomin riɗi da ya samu buhu 2,520 zai raba wa 'ya'ya bakwai ko tara ba tare da an kwance bakin buhu ba.

To ga abin da ke ci mini rai. A ninka 2,520 sau 1,731, a samu 4,362,120. Wannan tana rabuwa biyar, tana rabuwa 24, tana kuma rabuwa 27, kowace ƙaramar hukuma 161,560 cif. Tsakaninta da tamu mutum 1,118 ne kacal. Da masu ƙidaya sun leƙa ƙauye ɗaya a fadamar Haɗeja sun tarar da baƙin biki, da mutum sha shidan nan sun samu wurin kwana.