Ranar da Direbobi Suka Yi Yajin Aiki

Mai wannan rubutu, wanda kunya ta sa daga nan za mu riƙa kiransa gogan, yana da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ya saya ta hannu. Lafiyarta ƙalau. Wani dare sai ga jan rubutu ya faɗo masa a intanet, wai direbobinta 23 sun tsufa, ya danna nan a sabunta su kyauta.

Direba a nan ba mai tuƙi ba ne, ko da yake daga baya da Hajiyarsa ta ji zancen sai da ta ce, "Kai, yaushe ka sayi mota ban sani ba?" Ƙaramar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin Windows da sassan na'ura: allo da nasa, lasifika da nata, firinta ma haka. Windows Update na kawo yawancinsu da kansa, kamfanoni irin su HP da Dell da Intel kuma suna ajiye nasu kyauta ga mai so. Gogan ya san duk wannan sarai. Kalmar "kyauta" ce ta ci shi.

Ya sauke manhajar da aka tallata masa, ya danna, ya harɗe ƙafa yana kallon datarsa tana tsiyayewa.

Da kwamfuta ta sake tashi, haruffa sun kumbura kamar fanke, sauti ya ɗauke ɗif, alamar Wi-Fi kuwa ko sama ko ƙasa. Sai manhajar, ba kunya ba tsoron Allah, ta ce ya hau intanet domin ta gyara masa direban da ke hawa intanet. An kulle ɗaki, mabuɗi na ciki.

Ya lallashi kansa da cewa manya ma sun faɗa wannan rami. A ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa mai aibi daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙididdigar Microsoft, har jirage suka kasa tashi. To amma su ba da hannunsu suka danna ba.

Washegari ya rungumi 'yar kwamfutarsa sai kasuwar Farm Centre. Wani yaro da bai kai sa'an ɗan farinsa ba ya buɗe Device Manager, ga alamomin gargaɗi ruwan ɗorawa sun jeru. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Roll Back Driver, yana mayar da tsofaffin direbobi bakin aikinsu. Na Wi-Fi ya ƙi, sai da aka ɗauko shi a filas.

"Baba, wa ya taɓa ta?"

"Ai ka san halin yara," in ji gogan, yana kallon rufi.

Yaron ya leƙa lokacin da aka saka manhajar, ya ɗago kai a hankali. "Allah Sarki. Baba, yaran naka har ƙarfe biyun dare ba sa barci?"