Kaskon Lantarki a Ƙarƙashin Jirgi

Ni da na tashi a Kano, sanyin da na sani shi ne na hunturu: leɓe ya tsage, a shafa man kaɗe, kakata ta tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Sai da na zo Duluth, a jihar Minnesota ta Amurka, bakin tafkin Superior, na gane ashe namu sanyin sallama kawai yake yi ya wuce.

Mu huɗu muka yi karo-karo muka sayi tsohon ƙaramin jirgi, Cessna 172, mai injin Lycoming silinda huɗu. Masu ƙera injin sun ce in sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kada a tayar sai an ɗumama. Baƙin mai yakan yi kauri kamar man shanun da ya kwana a randa, ya ƙi zagayawa. Gidan injin kuma na alminiyam ne, ya fi sandar ƙarfen da ke juyawa cikinsa saurin tsukewa, sai ya shaƙe ta. A Duluth kuwa, cikin Janairu, safiyar da aka samu 12 ɗin nan har murna ake yi.

Na ba dattijon makanikenmu shawarar kasko. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Ɗan samari, ka san fetur ne cike da fukafukan nan?” Can kuma ya ce matuƙan Alaska na dā sukan tsiyaye mai da yamma su kwana da shi gefen murhu, da asuba su kunna risho ƙarƙashin inji, su tsaya gadi. Na ce ashe kakata tana da dangi a Alaska.

Abin da muka sayo kaskon zamani ne: faifan lantarki da ake manna wa tukunyar mai daga ƙasa, da ɗamara huɗu, kowace silinda da tata. Dattijon ke da lasisin sa hannu a littafin jirgi, don haka ya zauna da kofi yana nuni, ni na zama yaron shago. Na kwanta rigingine a kan siminti mai kama da ƙanƙara, ina kankare fenti da maiƙo har yatsuna suka daina amsa kira.

Na kwaɓa gam, sannan na karanta takardarsa. Wai ba ya kamawa sai da ɗumi. Wato sai an ɗumama inji kafin a manna abin ɗumama inji! Na garzaya gida na sato na'urar busar da gashin uwargida. Awa biyu ina busa wa tukunyar mai iska, ɗaya hannun yana danne faifan. Gam ya kama, ya haɗa da safar hannuna. Da almakashi aka raba mu, kuma har yau akwai guntun babban yatsanta a wurin.

Na lulluɓe hancin jirgin da bargon gadonmu, na jona wuta, na kashe fitila, na kulle rumfar jirgin. Tun ina yaro aka koya mini ba a barin fitila a kunne.

Washegari na ɗauko uwargida don ta ga tafkin daga sama. Na zura hannu ƙarƙashin bargo ina murmushi. Injin sanyi ƙalau, kamar hancin kare. Na kira dattijon ina kumfar baki, wai an sayar mana da jabu. Ya iso, bai ce uffan ba, ya danna makunnin fitila. Soket ɗin a kansa yake.

Uwargida ta ce, “Maigida, ashe a nan ma ana ɗauke wuta, sai dai kai ne mai ɗaukewa.”

A daren na jona a wani soket. Da safe injin ya yi ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu, amma na tarar an riga ni: wata ƙatuwar mage ta miƙe a kan bargon, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Uwargida ta karɓe na'urarta, bargon kuwa ta ce ta yafe. A takarda jirgin na mutum huɗu ne. Ta biyar ba ta ba da ko sisi ba, kuma sai ta gama barci muke tashi.