Wani Labari Don Kunnen Baffa

Wani labarin mutanen Amurka na karanta, ya tsaya mini a rai.

Suna da wasa tun 1974, Dungeons & Dragons. Ana kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi, ƙwayar lido ce ke raba gardama. A shekarar 2000 kamfanin da ya mallaki wasan, Wizards of the Coast, ya ba da izini a rubuce: duk mai son buga littafi a kan ƙa'idojin wasan ya buga ya sayar, ba a karɓar ko sisi, kuma har abada. Ƙananan masu ɗab'i suka gaskata, suka zuba jari da ƙuruciyarsu. Wasan ya bunƙasa da guminsu, mai wasan ma ya ci riba.

A Janairun 2023 sai wata takardar cikin gida ta fasu. Kamfanin na shirin soke tsohon izinin, wanda cinikinsa ya haura dala 750,000 a shekara kuma ya ba da kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru. Lauyoyi suka shiga musu kan ko doka ta yarda. Jama'a ba su jira su ba, suka ce alkawari aka yi, suka fara janye kuɗinsu. Ranar 27 ga watan kamfanin ya ja da baya, ya sa ƙa'idojin ƙarƙashin izinin Creative Commons, wanda ba ya janyuwa. Duk da haka kamfanin ɗab'i na Paizo, mai wasan Pathfinder, bai sake sakin jiki ba, ya haɗa kai da wasu suka rubuta nasu izinin.

Labarin nan gida ya tuna mini, kuma ka fi ni sanin ƙasarmu, Baffa. Tsakanin Dambatta da Makoɗa gona jingine take da gona, ba daji ba saura, taki kaɗai ke riƙe ƙasa. Gona ta mai ita ce, ba wanda ya musa. Amma wanda aka ce wa "je ka noma" ba ya kai taki sai don ya yarda da bakin da ya faɗa.

Ɗazu na haɗu da maƙwabcinmu mai aron gonar gabas, ya cika amalanke da takin awakinsa zai kai kafin ruwan shuka. Ya ce in gaishe ka sosai.