Yadda Ake Fita da Kare a Dawo da Shi da Ƙafafunsa

Karen bana, in ji Hausawa, shi ne maganin zomon bana. To amma karen da ya wuni yana gudu a daji cikin watan Afrilu maƙogwaro a bushe, ko zomon bara zai wuce ta gabansa a tsanake. Don haka mai niyyar fita da kare, farauta ce ko balaguro ko ɗan zagayen yamma, ya fara da sanin halin abokin tafiyarsa. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, kuma duk hakin nan ruwan jikinsa ne ke fita. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 rai na cikin haɗari. A Sakkwato da Maiduguri kuwa, iskar bazara kanta tana wuce digiri 40.

Lissafin ruwan ba ya buƙatar kalkuleta. Likitocin dabbobi suna ƙiyasta mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyin kare a rana. Kare mai kilo 20 ke nan yana buƙatar lita ɗaya da ɗan ɗori, wato ledar fiya wata biyu da 'yar guntuwa, a ranar da aikinsa kawai kwanciya a gindin darbejiya da hararar kaji. Ranar gudu da zafi sai a ninka.

Sai batun kwano, inda masu kare da yawa ke tafka kuskure. Mutum ya huda leda da haƙori, ya matsa ruwan a saitin bakin karensa Duna, ya ce ya shayar. Duna kuwa bai iya kurɓa ba. Harshensa yake lanƙwasawa ta baya, ya daki ruwa da shi, ya cafke abin da ya taso. Wanda aka tsiyayo masa daga sama, rabi ƙasa ce ke sha, shi kuma ya tsaya yana kallon maigidansa da idon mai bin bashi. Gindin gorar roba da aka yanke ya isa kwano, haka ma tsohuwar ƙwarya. Kwanon ya zama nasa shi kaɗai, tunda kowa ya san wanki bakwai ke jiran mazubin da kare ya sa wa baki. Wanda ya ce ba shi da mazubi ya tuna da mutumin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito labarinsa: ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya, ya ciko huffinsa, ya riƙo shi da baki ya fito ya shayar da shi, aka gafarta masa. Uzurin rashin kwano ya daɗe da faɗuwa.

A ba shi kaɗan-kaɗan, duk bayan minti 15 zuwa 20, a inuwa. Kare ba shi da ta ido a gaban ruwa, in aka ajiye masa bokiti zai yi masa shan ramuwar gayya, ya ɗan taka, ya amayar da shi duka.

Haka kuma mai kare ya riga kududdufi. A wurin Duna, ruwan kwatami mai kore-kore ya fi na randa daɗi, amma ruwan da ya kwanta yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, da cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa, wadda ke lalata ƙoda kuma tana kama mutum. Karen da aka shayar a kan kari bai cika kwaɗayin kwatami ba. Shayi da kofi ba nasa ba ne. Romon da aka dafa da albasa ma haka, domin albasa tana lalata jinin kare komai kyan niyyar mai miƙawa.

Yadda ake gane ya fara bushewa: a ɗaga leɓensa a taɓa dasashi. In da danshi da santsi, lafiya lau. In yana danƙo a yatsa, ruwa ya yi ƙasa. A kuma ɗan ja fatar doron wuyansa a saki. In ta yi jinkirin komawa, hutu ya kama. Idan ya fara tangaɗi, yawu ya yi kauri, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da wuya da cinyoyi, a yi masa fifita, a nufi likitan dabbobi. Wanda ya faɗi ba a ɗura masa ruwa a baki, yana iya shaƙewa.

A tafiyar mota, mafarautan da ke loda karnuka a bayan a-kori-kura su tuna ƙarfen yana ƙuna, a shimfiɗa buhu, a tanadi jarka ta musamman. Ba a barin kare a rufaffiyar mota ko da don sayen tsire ne. Kafin a sauke shi a kwalta, maigida ya ɗora bayan hannunsa a kai. In bai jure ba, a nemi gefen da ke da ƙasa ko a jira la'asar.